Arturo Toscanini: Madugun makaɗan da ya ƙi yi wa Mussolini kiɗa

A kiɗan Turawa, madugu shi ne mai tsayawa gaban taron makaɗa riƙe da 'yar sanda, yana daidaita musu tafiyar kiɗa. Kaɗan ne suka kai Arturo Toscanini shahara a wannan sana'a.

An haife shi a birnin Parma na ƙasar Italiya ranar 25 ga Maris, 1867. Mahaifinsa tela ne. Ya tashi yana koyon kaɗa babban gogen Turawa, kuma a matsayin mai goge ya bi wata tawaga zuwa Rio de Janeiro ta Birazil a 1886. A can ne 'yan kallo suka kori waɗanda aka tsayar su jagoranci wasan Aida da ihu, sai aka miƙa masa sanda. Yana ɗan shekara 19, ya jagoranci wasan baki ɗaya da ka.

A 1898 ya zama babban madugun La Scala, shahararren gidan wasa na Milan, inda ya hana maimaita waƙa a tsakiyar wasa komai tafin jama'a.

Wannan tsayuwa kan ra'ayi ce ta haɗa shi da masu mulki. Ko da yake a 1919 ya tsaya takara tare da Benito Mussolini, daga baya ya juya masa baya. A watan Mayun 1931, magoya bayan gwamnati suka mare shi a Bologna don ya ƙi kaɗa taken jam'iyyarsu. Daga nan ya daina jagorancin kiɗa a ƙasarsa. A 1933 kuma ya janye daga bikin Bayreuth na Jamus saboda zaluncin gwamnatin Hitler ga makaɗa Yahudawa.

A Amurka, gidan rediyon NBC ya kafa masa ƙungiyar makaɗa ta musamman, wadda ya jagoranta daga 1937 zuwa 1954. Bai sake ɗaga sanda a Italiya ba sai a 1946, lokacin da aka sake buɗe La Scala bayan bama-baman yaƙi sun rushe shi.

Ya rasu a New York ranar 16 ga Janairu, 1957, yana da shekara 89, aka kai gawarsa Milan aka binne.