Fuller Albright

Fuller Albright (an haife shi ranar 12 ga Janairu, 1900, ya mutu ranar 8 ga Disamba, 1969) likita ne ɗan ƙasar Amurka, masani a fannin homon, wato sinadaran da jiki ke fitarwa cikin jini domin tafiyar da aikin gaɓoɓi. Ya shahara da bincike kan ƙashi da sinadarin kalsiyam. Shi ne ya fara nuna cewa zaizayewar ƙashi da ke samun mata bayan ɗaukewar jinin al'ada tana da nasaba da raguwar sinadarin estirojin, kuma yana cikin likitocin farko da suka yi amfani da estirojin wajen magance ta.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Albright a birnin Buffalo na jihar New York. Mahaifinsa, John J. Albright, attajiri ne mai masana'antu, kuma da kuɗinsa aka gina gidan adana zane-zane na birnin wanda aka sa wa sunansa. Albright ya yi karatu a makarantar Nichols da ke Buffalo, sannan ya wuce Jami'ar Harvard, inda ya kammala karatun likita a shekarar 1924.

Ya fara aiki a Babban Asibitin Massachusetts da ke Boston, inda ya koyi binciken kalsiyam a hannun Joseph Aub. Daga nan ya yi shekara guda a asibitin Johns Hopkins na Baltimore. Bayan haka ya tafi birnin Vienna na ƙasar Ostiriya, ya yi karatu a wurin Jakob Erdheim, masanin cututtukan ƙashi. Da ya dawo Boston bai sake barin asibitin Massachusetts ba har ƙarshen rayuwarsa. Ya auri Claire Birge, suka haifi 'ya'ya maza biyu.

Hanyar bincikensa

Albright ya dogara ne da lissafin abin da ya shiga jiki da abin da ya fita. Akan kwantar da majiyyaci a wani ɗaki na musamman na tsawon makonni, a auna yawan kalsiyam da fosfaras da ke cikin abincinsa, sannan a auna wanda ya fita ta fitsari da bayan gida. Idan abin da ya fita ya fi wanda ya shiga, ƙashi ne ke asara, domin kusan dukkan kalsiyam ɗin jiki a ƙashi yake.

Da wannan hanya da kuma lura da majiyyata, ya bayyana cututtuka da dama. A 1937 ya yi bayanin wata cuta mai haɗa lalacewar ƙashi da tabo a fata da balaga da wuri, wadda yanzu ake kira cutar McCune-Albright. A 1942 ya nuna cewa mutum zai iya samun isasshen homon a jininsa amma jikin ya ƙi amsa shi. A wannan shekarar ce kuma shi da Harry Klinefelter da Edward Reifenstein suka bayyana cutar da ke hana maza haihuwa, wadda aka sa wa sunan Klinefelter.

Zaizayewar ƙashi da estirojin

Kafin zamaninsa, ana ɗaukar raunin ƙashi a matsayin abin da tsufa ke kawowa kawai. Albright ya lura cewa yawancin masu zuwa asibiti da karayar ƙashin baya mata ne da ba su tsufa sosai ba. A rahoton da ya fitar a 1941, cikin majiyyata 42 da ba su kai shekara 65 ba, 40 mata ne da al'adarsu ta ɗauke, wasu ma an cire musu ƙwan mahaifa tun da sauran ƙuruciyarsu. Ya kuma san binciken da aka yi kan tantabaru, wanda ya nuna cewa ƙashin macen tantabara yana cika a lokacin da take shirin yin ƙwai. Wannan ya sa ya yi zargin cewa estirojin ne ke riƙe ƙashi.

Da ya ba matan estirojin, sai asarar kalsiyam ta ragu. Shi a ganinsa sinadarin yana ƙara gina sabon ƙashi ne. Binciken da aka yi bayansa ya gyara wannan fahimta: babban aikin estirojin shi ne rage saurin rushewar tsohon ƙashi. Amma alaƙar da ya gano tsakanin ɗaukewar al'ada da raunin ƙashi ta tabbata.

Rashin lafiya da mutuwa

Yana ɗan shekara talatin da 'yan kai cutar Parkinson ta kama shi. Karkarwar hannu ta yi ta ƙaruwa har rubutu ya gagare shi, daga baya magana ma ta yi masa wuya. Duk da haka ya ci gaba da duba marasa lafiya da koyarwa kusan shekara ashirin, kuma mafi yawan ayyukan da aka san shi da su a wannan hali ya yi su. A 1948 shi da Reifenstein suka wallafa littafi kan cututtukan ƙashi.

A 1956 ya yanke shawarar a yi masa wata sabuwar tiyata a ƙwaƙwalwa, duk da abokan aikinsa sun ba shi shawarar kada ya yi. Bayan tiyatar jini ya zuba a ƙwaƙwalwarsa. Ya yi shekara goma sha uku yana kwance a asibitin Massachusetts, ba ya magana, ba ya motsi, har ya mutu a 1969.

Maganin bayan zamaninsa da batun daina shi

A 1942 aka amince da sayar da Premarin a Amurka, maganin estirojin da ake tacewa daga fitsarin goɗiya mai ciki. Amfani da shi ya bazu sosai bayan 1966, lokacin da likita Robert Wilson ya wallafa littafin da ke kira ga mata su riƙa shan estirojin har tsufa. A 1975 bincike ya nuna cewa shan estirojin shi kaɗai yana ƙara haɗarin sankarar mahaifa. Mata da yawa suka daina, sannan likitoci suka fara haɗa shi da sinadarin furojestin domin kare mahaifa.

Wannan ya taso da tambayar abin da ke faruwa da ƙashi idan aka daina maganin. A 1978 Robert Lindsay da abokan aikinsa a Glasgow sun ba da rahoto kan matan da aka cire wa ƙwan mahaifa: waɗanda suka ci gaba da sha ƙashinsu bai ragu ba, waɗanda suka daina kuwa asarar ta dawo. Ke nan kariyar tana tare da maganin ne, ba ta daɗewa bayan an bar shi.

A watan Yulin 2002 aka dakatar da wani babban gwaji na gwamnatin Amurka mai suna Women's Health Initiative, wanda ya ƙunshi mata 16,608 masu shekara 50 zuwa 79. Masu shan haɗin estirojin da furojestin sun fi samun sankarar nono, shanyewar ɓarin jiki, ciwon zuciya da daskarewar jini a jijiya. Sai dai karayar ƙugu ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku, abin da ya gaskata hasashen Albright. Miliyoyin mata suka daina maganin, kuma a 2003 yawan sababbin masu sankarar nono a Amurka ya ragu da kusan kashi 7 cikin 100. A ɗaya ɓangaren, fiye da rabin matan gwajin da ke fama da jin zafi kwatsam da gumin dare kafin su fara maganin sun ga alamun sun dawo bayan sun daina, kuma kariyar ƙashi ta gushe cikin 'yan shekaru.

A yau ƙungiyoyin likitoci suna ganin amfanin maganin ya fi haɗarinsa ga yawancin mata masu lafiya da ke fama da alamun ɗaukewar al'ada, idan ba su kai shekara 60 ba ko kuma ba su wuce shekara goma da ɗaukewar ba. Ana shawartar mai son dainawa ta tattauna da likita, a duba ƙarfin ƙashinta, domin akwai wasu magungunan kare ƙashi da ba na homon ba.

Karramawa

Albright ya shugabanci ƙungiyar masana homon ta Amurka, kuma an zaɓe shi cikin Kwalejin Kimiyya ta Ƙasa. Ƙungiyar masu binciken ƙashi ta Amurka tana ba matasan masu bincike lambar yabo mai ɗauke da sunansa.