Fada Giregori Mendel, Firist Mai Lambun Wake (1822–1884)

Idan saurayi da budurwa suka zo neman a ɗaura musu aure a coci, sau da yawa akan tambaye su ko sun je asibiti an gwada jininsu. Wasu kan ji zafin tambayar, suna ganin babu abin da ya haɗa sakramentin aure da takardar likita. Asalin wannan tambaya yana komawa ga wani firist ɗan manoma, wanda ya yi shekara takwas yana ƙirga ƙwayar wake a lambu. Tarihinsa ne muka kawo muku a wannan fitowa.

An haife shi a watan Yuli na 1822 a ƙauyen Hainzandof cikin daular Ostiriya, yankin da yanzu yake cikin Jamhuriyar Cek. Da aka yi masa baftisma an raɗa masa suna Yohanna. Iyayensa ƙananan manoma ne, kuma tun yana yaro ya saba da aikin lambu da kiwon zuma. Malamansa sun ga hazaƙarsa, suka ba da shawara a tura shi makaranta ta gaba. Amma talauci ya bi shi har can, musamman bayan da itace ya faɗo wa mahaifinsa ya nakasa shi. Da karatu ya nemi tsayawa, sai ƙanwarsa Tereza ta ba shi wani kashi na dukiyar da aka ajiye domin aurenta. Bai manta da wannan alheri ba. Daga baya shi ya ɗauki nauyin karatun 'ya'yanta maza uku, biyu daga cikinsu suka zama likitoci.

A 1843 ya shiga gidan sufaye na Waliyi Toma a birnin Burno, na ƙungiyar Waliyi Agustin, ƙungiyar nan da 'ya'yanta suka yi aikin bishara a Yola da Maiduguri. A nan aka ba shi sunan Giregori, aka kuma keɓe shi firist a 1847. Aikinsa na fari shi ne ziyarar marasa lafiya, amma ganin wahalar mutane ya yi masa nauyi har shi kansa ya kwanta ciwo. Shugaban gidan ya fahimci baiwarsa tana wani wajen, sai ya tura shi koyarwa. A 1850 ya zauna jarrabawar malanta, bai ci ba. Aka aika da shi Jami'ar Biyana daga 1851 zuwa 1853, inda ya karanci lissafi da ilmin halittu da na tsirrai. Ya sake zama jarrabawar a 1856, nan ma bai samu takardar ba. Haka ya ci gaba da koyarwa a matsayin malamin wucin gadi.

A wancan zamani mutane sun ɗauka halayen uwa da na uba suna gaurayuwa ne a jikin ɗa kamar fura da nono, ta yadda ba a sake raba su. Fada Mendel ya so ya gani da idonsa. Ya zaɓi wani irin wake na ƙasar Turai wanda furensa ke yi wa kansa barbara, ya kuma ware halaye bakwai masu saukin ganewa, kamar tsayin tsiro, launin ƙwaya, da ko ƙwayar sumul take ko tana da tamoji. Da hannunsa yake buɗe fure, ya cire sashen namiji, ya ɗauko garin wani furen ya shafa, sannan ya rufe don kada ƙwari su ɓata masa aiki. Daga 1856 zuwa 1863 ya shuka tsiro wajen 28,000, yana rubuta lissafin kowane.

Ga abin da ya gani. Da ya haɗa dogon tsiro da gajere, 'ya'yan duka dogaye suka fito, kamar gajarta ta ɓace. Amma a zuriya ta biyu sai ga ta ta dawo: dogaye 787, gajeru 277. A launin ƙwaya ya sami rawaya 6,022, kore 2,001. A siffar ƙwaya kuwa, sumul 5,474, masu tamoji 1,850. Ko ta ina ya juya, lissafin uku da ɗaya ne. Daga nan ya gane cewa kowane hali yana da ƙwayar gado guda biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Wata mai rinjaye ce, wata kuwa tana laɓewa. Mai laɓewar ba ta narkewa, tana nan cif, kuma takan bayyana ne ranar da ta haɗu da irinta daga ɗaya ɓangaren.

A watannin Fabrairu da Maris na 1865 ya karanta sakamakonsa gaban ƙungiyar masana ta Burno, aka buga shi a 1866. Ba wanda ya fahimci girman abin. Wani shahararren masanin tsirrai ɗan Suwizalan, Kal Nageli, ya ƙarfafa shi ya gwada wata ciyawa daban. Ba a sani ba a lokacin cewa ciyawar kan yi iri ba tare da barbara ba, saboda haka lissafi ya ƙi fita. A 1868 'yan'uwansa suka zaɓe shi shugaban gidan. Hidimar mulki ta janye shi daga lambu, ga kuma doguwar jayayya da gwamnati kan harajin da ta ɗora wa gidajen ibada, wanda ya ƙi amincewa da shi har ƙarshen ransa. Ya rasu da ciwon ƙoda ranar 6 ga Janairu 1884, ranar Idin Bayyanuwar Ubangiji, yana da shekara 61. Mutanen Burno sun yi makokin shugaba mai kyauta, ba su san sun binne uban wani sabon ilmi ba.

Sai a 1900 masana uku, a Holan da Jamus da Ostiriya, suka ci karo da dokokin nan, aka kuma tono rubutunsa. Ba da jimawa ba aka gane cewa ƙwayoyin gadon suna jere ne a kan wasu zarurruka cikin ƙwayar halitta. A jikin ɗan Adam zarurrukan 46 ne, 23 daga uwa, 23 daga uba.

A nan ne labarin ya shigo gidajenmu. Ciwon amosanin jini, wato sikila, yana bin lissafin Fada Mendel sak. Mai ɗauke da AS lafiyarsa kalau, har ma yana da ɗan kariya daga mummunan zazzabin cizon sauro, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya haka jininsa yake. Amma idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da rabo ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wanda jajayen ƙwayoyin jininsa kan lanƙwashe kamar lauje su toshe ƙananan hanyoyin jini. A lura, kowane ciki da nasa rabon. Ana iya haifar huɗu babu mai ciwon, ana kuma iya samun biyu a jere. Mata nawa aka zarga da maita, ko aka ce wabi suke yi, alhali kuwa rabin gadon daga mijin ya fito! Wannan sani ya wanke su.

Sai dai ilmi wuƙa ne mai baki biyu. Bayan mutuwarsa wasu sun fake da ilmin gado suna raba mutane, wai wannan ya cancanci haihuwa, wancan bai cancanta ba. A 1930 Fafaroma Fiyus na 11 ya haramta tilasta wa mutum rasa haihuwa. Duk da haka, a 1933 gwamnatin Nazi ta Jamus ta kafa dokar da aka yi amfani da ita aka hana mutane wajen 400,000 haihuwa da ƙarfi. Gwajin jini kafin aure domin a faɗi gaskiya ne, masu neman juna su yanke shawara da idonsu buɗe, tun kafin magana ta yi nisa. Yaro mai sikila kuwa surar Allah yake ɗauke da ita kamar kowa. Hakkinsa ne a kanmu mu kai shi asibiti, mu kare shi daga sauro da sanyi, mu sa shi makaranta, mu kuma tsaya wa iyayensa.

Fada Mendel bai ga amfanin gonarsa ba, mu ne muke ci. Muna roƙon iyaye da katikis da shugabannin matasa su tattauna wannan batu a zumuntansu. Ya Ubangiji, ka ba bawanka Giregori hutu na har abada, haske madawwami ya haskaka masa. Amin.