Harriette Chick: Matar da ta ceto ƙasusuwan jarirai da man kifi da hasken rana

A shekarar 1919 birnin Biyana na ƙasar Ostiriya yana cikin ƙangin yunwa. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ƙare, abinci ya yi ƙaranci, asibitoci kuma sun cika da yara masu lanƙwasassun ƙafafu da kumburarrun gaɓoɓi. Cutar laushin ƙashi ce, wadda likitoci ke kira riket.

A wannan hali ne wata Baturiyar Ingila mai shekara 44, Harriette Chick, ta sauka a birnin da ayarin mata masu bincike.

An haife ta a Landan ranar 6 ga Janairun 1875. Mahaifinta ɗan kasuwar leshi ne. Ta yi karatu a University College London, ta kuma samu digirin digirgir a 1904. A 1905 ta zama mace ta farko da aka ɗauka aikin bincike a Cibiyar Lister, duk da ƙorafin da wasu maza suka yi.

Da farko a kan ƙwayoyin cuta ta yi suna. A 1908 ta bayyana yadda maganin kashe ƙwayoyin cuta ke cin su sannu a hankali, gwargwadon ƙarfinsa da tsawon lokacin da ya ɗauka. Har yau injiniyoyin tsaftace ruwan sha na amfani da wannan ƙa'ida mai ɗauke da sunanta. Lokacin yaƙi kuma ta koma nazarin cututtukan ƙarancin abinci da suka addabi sojoji.

Gwajin Biyana

Shugaban asibitin yara na jami'ar Biyana, Farfesa Clemens von Pirquet, yana ganin riket cuta ce da ake ɗauka, kamar tarin fuka. Duk da haka ya buɗe wa baƙin ƙofa, ya ba su gadaje.

A lokacin akwai hujjoji biyu da kamar ba sa jituwa. A Ingila, Edward Mellanby ya warkar da 'yan kwikwiyo da man hantar kifi. A Balin kuwa, Kurt Huldschinsky ya warkar da yara da hasken wata fitila ta musamman. To abinci ne maganin, ko haske?

Chick da abokan aikinta, cikinsu har da likitoci Elsie Dalyell da Helen Mackay, suka raba jarirai gida biyu. Wasu na shan madarar da asibiti ya saba bayarwa, wasu kuma ana ƙara musu man kifi. Ana ɗaukar hoton ƙasusuwansu akai-akai.

Da hunturu ya shigo, cutar ta kama waɗanda ba a ba man kifi ba, ta bar sauran. Da rana ta dawo aka riƙa fitar da yaran waje, sai duka ɓangarorin biyu suka tsira. Waɗanda suka riga suka kamu kuma sun warke, ko da man kifi, ko da rana, ko da fitila. Pirquet ya sauya ra'ayi. An wallafa rahoton a 1923, shekara guda bayan Elmer McCollum na Amurka ya gano sinadarin da aka raɗa wa suna bitamin D.

Abin da ya shafi bakwaini

Darasin Biyana ya fi nauyi a kan jaririn da aka haifa kafin lokaci. Mafi yawan kalsiyam da ƙashin ɗan tayi ke buƙata yana shiga jikinsa ne a watanni uku na ƙarshen ciki, bitamin D kuma daga jinin uwa yake samu. Bakwaini ya rasa wani kaso na wannan guzuri, ga shi yana shafe makonni a kwalba ba ya ganin rana. Nonon uwa ya fi komai a gare shi, sai dai bitamin D ɗin cikinsa kaɗan ne. Shi ya sa likitocin jarirai ke rubuta ɗigon bitamin D a kullum. Awonsa aikin likita ne, domin idan ya yi yawa yana cutarwa.

Bayan rasuwarta aka gano cewa amfanin sinadarin bai tsaya a ƙashi ba. Ƙwayoyin garkuwar jiki ma suna karɓarsa. Wani bincike na 2006 ya nuna yana sa su samar da wani sinadari mai kashe ƙwayar tarin fuka. Wannan ne ya sa masana ke bibiyar tasirinsa ga garkuwar bakwaini, waɗanda cututtukan jini da na huhu suka fi yi wa barazana.

A Najeriya labarin ya ɗan bambanta. Binciken da Dokta Tom Thacher da abokansa suka yi a Jos, aka wallafa a 1999, ya nuna cewa ƙarancin kalsiyam a abinci ne babban abin da ke lanƙwasa ƙafafun yaran da suka duba, ba rashin rana ba.

Chick ta yi ritaya a 1945, Masarautar Ingila ta ba ta lambar girma ta Dame a 1949. Ba ta taɓa aure ba, ba ta kuma daina bibiyar bincike ba har tsufa. Ta rasu a Cambridge ranar 9 ga Yulin 1977 tana da shekara 102.