Hanri Puwankare, Malamin Lissafi

Yau za ka ji labarin wani malami mai suna Hanri Puwankare. An haife shi a garin Nansi, ƙasar Faransa, a shekarar 1854. Yana yaro ya yi ciwon maƙogwaro mai tsanani, kuma idonsa ba ya gani sosai. Amma duk abin da malam ya faɗa a lakkol, sai ya riƙe shi a ka. Da ya girma ya yi aikin injiniya a ramin haƙar kwal, daga baya ya koyar da lissafi a jami'ar Paris.

A zamaninsa, Sarki Oska na 2 na Suwidin ya sa gasa. Ana son a lissafa tafiyar duniyoyin sama da ke jan juna, kamar rana da wata da duniyarmu. Puwankare ya ci gasar a 1889. To, ana cikin buga aikin sai aka ga wuri guda bai fito sarai ba. Da ya sake dubawa, ashe babban kuskure ne. Bai ɓoye ba. Ya biya kuɗin sake bugawa daga aljihunsa, har abin da ya kashe ya fi kyautar da ya samu.

Wajen gyaran nan ne ya gano wani abu sabo: bambanci ɗan kaɗan a farko yana iya zama babba a ƙarshe. Ka je bakin Gulbin Maraɗi da damina, ka jefa kara biyu kusa da juna. Da fari za su tafi tare. Can gaba ɗaya ya maƙale a gaɓa, ɗaya ya wuce. Ruwa ɗaya ya ɗauke su, amma tazarar yatsa guda ta raba hanyarsu.

Puwankare ya rasu a Paris a 1912. A 1961 wani Ba'amurke, Edwad Lorenz, ya ga haka iska da hadari suke, da yana lissafin yanayi da kwamfuta. Shi ya sa masana ke iya faɗa maka ruwan gobe ko jibi, amma ba su iya sa ranar ruwan wata mai zuwa. Saboda haka, kai manomin Cadawa ko Gazawa, ka riƙa sauraren labarin yanayi a rediyo kullum. In ka shuka gero da ruwan fari, ka ajiye sauran iri, don ko ruwa ya ɗauke.