Marigayi Israel Adebajo: Attajirin Da Ya Riƙe Ƙungiyar Ƙwallo Da Aljihunsa

Duk wanda ya san wasan ƙwallon ƙafa a ƙasar nan tun zamanin yaƙin basasa ya san sunan Stationery Stores ta birnin Ikko. Mutumin da ya kafa ta, ya ciyar da ita, ya kai ta matsayin da ta kai, shi ne marigayi Israel Adebajo. Tarihinsa abin dubawa ne ga duk attajirin da ke sha'awar kafa ƙungiyar ƙwallo, da kuma 'yan kallon da ke murna idan wani mai kuɗi ya ɗauki nauyin ƙungiyar garinsu.

An haifi Adebajo cikin shekarar 1920. Mutumin ƙasar Epe ne, wadda ke cikin Jihar Ikko a yau. Tun yana saurayi ya shigo birnin Ikko neman abinci, ya kama cinikin kayan ofis, watau takardu da tawada da ambulan da sauran abubuwan da akawu ba ya aiki sai da su. A lokacin nan ofisoshin gwamnati da kamfanoni da makarantu suna ta ƙaruwa, kowanne kuwa yana bukatar takarda. Ciniki ya karɓe shi, ya kafa kamfaninsa mai suna Nigerian Office Stationery Supply Stores, har ya shiga sahun manyan attajiran birnin.

Kafin ya shigo harkar ƙwallo, manyan ƙungiyoyin Ikko kusan duk na ma'aikatu ne da kamfanonin Turawa. Akwai ta Reluwe, da ta Marine, da ta 'yan sanda, da ta ma'aikatar ayyuka, da ta kamfanin UAC. Su ne ke juya kofin da aka fara gasarsa a 1945 da sunan Kofin Gwamna, wanda daga baya aka mai da shi Kofin Ƙalubale. A wancan zamani doka ba ta san ɗan wasan da ƙwallo ce sana'arsa ba. Abin da ake yi shi ne ma'aikata ta ɗauki yaro aiki, ta riƙa biyansa albashi a matsayin akawu ko makaniki, da yamma ya fita fili ya buga mata wasa. Saboda haka ƙungiyar da ba ta da ma'aikata a bayanta ba ta iya riƙe gwanin ɗan wasa, ko da ita ta raine shi.

Cikin 1958 Adebajo ya karɓi wata ƙaramar ƙungiya mai suna Oluwole Philips, ya sake mata suna zuwa Stationery Stores, sunan sana'arsa. Dabarar da ya yi ita ce ya tsaya wa 'yan wasansa a matsayin da Reluwe ke tsaya wa nata. Ya kashe musu kuɗi, ya kula da jin daɗinsu, ya kuma baza neman gwanaye har zuwa ƙasar Gana. Mutanen Ikko suka ga ga ƙungiya ta ɗan ƙasa, wadda ba ta gwamnati ba ce, ba ta Bature ba ce, suka rungume ta hannu biyu. Filin wasa na Onikan ya riƙa cika maƙil duk ranar da za ta yi wasa. Wasu na kiranta Flaming Flamingoes, wasu kuwa Adebajo Babes, watau 'ya'yan Adebajo. Wannan suna na biyu shi ya fi nuna yadda abin yake, domin komai na ƙungiyar daga hannunsa yake fitowa.

Sai da aka yi shekara tara ana zuba kuɗi kafin a ga amfanin gonar. A 1967 Stores ta ci Kofin Ƙalubale, a 1968 ta sake cinsa, ƙasa kuwa tana tsakiyar yaƙi. A wannan shekara ta 1968 Nijeriya ta je wasannin Olamfik a ƙasar Meziko, kuma yawancin waɗanda suka fara buga mata wasa 'yan Stores ne, cikinsu har da mai tsaron gida Peter Fregene da ɗan baya Tony Igwe. Jafan da Sifen sun ci Nijeriya, amma a wasan ƙarshe ta zura wa Barazil ƙwallo uku kafin hutun rabin lokaci, aka tashi uku da uku. Attajiri guda ya tara wa ƙasa 'yan wasan da suka yi kunnen doki da Barazil.

Bai daɗe yana cin wannan daɗi ba. Ran 25 ga Yuli, 1969, Adebajo ya rasu yana da shekara 49. Daga nan aka shiga shari'a a kan wasiyyar da ya bari, magana ta yi ta tafiya har Kotun Ƙoli, wadda ta tabbatar da wasiyyar a 1973. Masu koyon aikin lauya a ƙasar nan sun san wannan shari'a, domin tana cikin waɗanda ake kafa hujja da su a kan lafiyar hankalin mai yin wasiyya. Ga 'yan ƙwallo kuwa, abin da ya fito fili shi ne ƙungiyar da dubban mutane ke ɗauka tasu ce, a idon doka tana cikin dukiyar mutum ɗaya, tare da kantuna da gidaje da sauran abin da magada ke jira.

Duk da haka Stores ba ta mutu tare da mai ita ba. Iyalinsa suka ci gaba da riƙonta, magoya baya kuma suka tsaya mata da ƙarfinsu da aljihunsu. A hannunta Haruna Ilerika ya yi suna, shi da ke cikin waɗanda suka ciyo wa Nijeriya lambar zinariya a wasannin ƙasashen Afirka da aka yi a Ikko a 1973. Mai tsaron gida Peter Rufai ma ta nan ya biyo. A 1981 ta kai wasan ƙarshe na gasar masu riƙe da kofi ta Afirka, Union Douala ta Kamaru ta cinye ta. Ta sake ɗaukar Kofin Ƙalubale a 1982 da 1990, ta zama zakarar ƙasa a 1992, sa'an nan a 1993 ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka, inda Zamalek ta Masar ta fitar da ita.

Daga nan sai ƙasa. Saɓani ya tashi cikin iyali a kan wanda ke da ikon tafiyar da ƙungiyar, aka koma kotu, kuɗi suka tsaya, gwanaye suka watse. Kafin shekarun 1990 su ƙare, Stores ta fice daga sahun manya. An yi ta ƙoƙarin farfaɗo da ita a shekarun da suka biyo, amma matsayinta na dā bai dawo ba. Ga magoya baya tuli, ga suna, ga kofuna, sai dai babu mai ikon sa hannu a takarda wanda kowa ya yarda da shi.

Dalilin wannan ba ɓoyayye ba ne. Ƙungiyar ƙwallo tana cin kuɗi kowane mako, na albashi da mota da masauki da magani da riguna, ko an ci wasa ko an sha kashi. Kuɗin ƙofa ba su isa su rufe waɗannan ba, balle ga shi filayen wasa yawanci na hukuma ne. Giɓin da ya rage mai ƙungiya ke cikewa daga ribar wata sana'a dabam. Ran da sana'ar ta yi rauni, ko ransa ya ɓaci, ko ya mutu magada suka kasa haɗa kai, ran nan ƙungiya ta shiga uku.

Abin da ya sami Stores ya sami wasu, wasunsu ma tun masu su suna da rai. Abiola Babes ta Abeokuta, ta marigayi Cif M.K.O. Abiola, ta ci Kofin Ƙalubale a 1985 da 1987. Leventis United ta Badun ta ci shi a 1984 da 1986. Kafin 1990 an rushe su duka biyu, domin masu ba da kuɗi sun janye hannu. Iwuanyanwu Nationale ta Owerri ta tsira ne da gwamnatin Jihar Imo ta karɓe ta a 2006, aka sake mata suna Heartland. A Arewa ma an ga irin haka. Mighty Jets ta Jos, wadda Alhaji Isiyaku Ibrahim ya ɗauki nauyinta, ita ta fara zama zakarar ƙasa da aka buɗe gasar rukuni a 1972. Ranchers Bees ta Kaduna, a hannun Alhaji Muktar Aruwa, ta kai wasan ƙarshe na gasar masu riƙe da kofi ta Afirka a 1988. Dukansu biyu ba su ɗore a kan wannan matsayi ba.

In aka gwada da waɗannan, ginin Adebajo ya yi ƙarko, domin ƙungiyarsa ta yi shekara 24 tana fafatawa da manya bayan rasuwarsa. Abin da ya riƙe ta shi ne ƙaunar da ya dasa a zukatan mutanen Ikko. Abin da ya kayar da ita kuwa shi ne ba a raba ta da gadon gida ba, ba a kuma ba waɗannan masoya wani rabo ko murya a cikin mallakarta ba. Duk mai arzikin da ke shirin sa wa ƙungiya sunansa, ya kamata tun yana da ƙarfi ya samar mata hanyar kuɗi ta kanta, ya kuma rubuta wanda zai riƙe ta ran da ba ya nan.