Ralph Bunche (1904–1971): Baƙar Fatar da Ya Shata Layin Ajiye Makamai a Falasɗinu

A duk lokacin da masu shiga tsakani a rikicin Isra'ila da Falasɗinu suka ambaci iyakokin 1967, abin da suke nufi shi ne layin da aka shata a shekarar 1949, wanda aka fi sani da Koren Layi saboda launin tawadar da aka ja shi da ita a kan taswira. Mutumin da ya jagoranci tattaunawar da ta haifar da wannan layi shi ne Dakta Ralph Johnson Bunche, Ba'amurke baƙar fata, masanin kimiyyar siyasa, wanda ya fara yin suna a fagen ilimi da nazarin mulkin mallaka a Afirka ta Yamma.

Haihuwa da Neman Ilimi

An haifi Bunche ranar 7 ga Agusta, 1904 a birnin Detroit na Amurka. Mahaifinsa mai aski ne, kuma gidan ba na masu hali ba ne. Ciwon tarin fuka ya kama mahaifiyarsa, iyalin suka koma Albuquerque don neman busasshiyar iska, amma ta rasu a 1917. Daga nan renonsa ya koma hannun kakarsa ta wajen uwa, Lucy Taylor Johnson, wadda ta tafi da shi Los Angeles. Ita ce ta kafe a kan sai ya yi karatu mai zurfi, a zamanin da ake karkata yaran baƙaƙen fata zuwa koyon sana'ar hannu kawai. Ya gama Jami'ar Kalifoniya ta Los Angeles a 1927 yana kan gaba a ajinsu, ya wuce Harvard, sannan ya kama koyarwa a Jami'ar Howard da ke Washington, inda ya kafa sashen kimiyyar siyasa.

Kundin digirinsa na uku, wanda ya kammala a 1934, ya kwatanta yadda Faransa take mulkin Dahomi, wadda take mallakarta kai tsaye, da yadda take mulkin Togo, wadda aka damƙa mata amana a ƙarƙashin Ƙungiyar Ƙasashen Duniya ta wancan zamani. Bai tsaya a ɗakunan karatu ba, ya zo Afirka ta Yamma da kansa ya ga yadda abin yake. Tambayar da ta dame shi ita ce ko sa idon ƙasashen duniya yana rage wa talakan da ake mulka wani nauyi, ko kuwa suna ne kawai ya bambanta. Falasɗinu ita ma ƙasar amana ce irin wannan, a hannun Ingila, don haka lokacin da aka tura shi can ba baƙo ba ne ga tsarin.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya yi aiki da gwamnatin Amurka a matsayin masanin harkokin Afirka. A taron San Francisco na 1945 yana cikin waɗanda suka tsara babukan kundin Majalisar Ɗinkin Duniya da suka shafi ƙasashen da ba su sami mulkin kai ba da kuma ƙasashen riƙon amana, kuma a 1946 aka ba shi shugabancin sashen da ke kula da su. A ƙarƙashin wannan tsari ne aka yi ƙuri'ar raba gardama ta 1961 wadda ta shigo da Arewacin Kamaru cikin Nijeriya, yankin da aka sa wa suna Lardin Sardauna.

Shigarsa Batun Falasɗinu

A farkon 1947 Ingila ta ga riƙon Falasɗinu ya fi ƙarfinta, ta miƙa batun ga Majalisar Ɗinkin Duniya. Majalisar ta kafa kwamiti na ƙasashe goma sha ɗaya, aka haɗa Bunche da su a matsayin jami'in sakatariya. Kwamitin ya rabu gida biyu: masu rinjaye suka ce a raba ƙasar tsakanin Larabawa da Yahudawa, a bar Birnin Ƙudus a hannun duniya, yayin da Indiya da Iran da Yugoslabiya suka nemi ƙasa ɗaya ta tarayya. Marubuta tarihinsa sun nuna cewa da hannunsa a rubuta rahotannin duka biyu, domin shi ne ɓangarorin suka yarda zai bayyana ra'ayinsu ba tare da ya murɗa shi ba. Ranar 29 ga Nuwamba, 1947 Babban Taron Majalisar ya amince da rabon da ƙuri'u 33, ƙasashe 13 suka ƙi, 10 suka ƙaurace. Larabawa suka yi watsi da ƙudurin, bisa hujjar cewa an ba marasa rinjaye fiye da rabin ƙasar. Faɗa ya ɓarke, kuma da aka ayyana kafa Isra'ila ranar 14 ga Mayu, 1948, sojojin ƙasashen Larabawa maƙwabta suka shiga.

Majalisar ta naɗa Folke Bernadotte, ɗan gidan sarautar Suwidin, ya zama mai shiga tsakani, Bunche kuma ya zama na hannun damansa. Sun samu an tsagaita wuta na mako huɗu daga 11 ga Yuni, sannan aka sake wata tsagaitawar a Yuli. Rahoton da suka shirya a watan Satumba ya ba da shawarar a bar wa Larabawa hamadar Negeb, Isra'ila ta riƙe Galili, kuma a ba 'yan gudun hijira damar komawa gidajensu. Babu ɓangaren da ya yi na'am da shi. Ranar 17 ga Satumba 'yan ƙungiyar Yahudawa masu tsattsauran ra'ayi ta Lehi suka tare ayarin Bernadotte a Birnin Ƙudus suka harbe shi, tare da wani hafsan Faransa, Kanar André Sérot. Da a ce ba a jinkirta Bunche a hanya ba a ranar, da yana cikin motar. Kwana ya ƙare wa wasu, shi kuwa da sauran shan ruwa. Nan take aka ɗora masa riƙon muƙamin.

Kwana Arba'in da Biyu a Rodes

A watan Nuwamba na 1948 Kwamitin Sulhu ya umarci ɓangarorin su wuce matakin tsagaita wuta su ƙulla yarjejeniyar ajiye makamai. Bambancin yana da muhimmanci. Tsagaita wuta hutu ne kawai, kowa na tsaye a inda harsashi ya tsayar da shi. Ajiye makamai kuwa yana buƙatar layi a taswira da sa hannun gwamnatoci, ko da yake bai kai ga sulhu na dindindin ba. Bunche ya fahimci cewa babu gwamnatin Larabawa da za ta iya zama da Isra'ila a bainar sauran 'yan'uwanta, don haka ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, ya fara da Masar, wadda ita ce babba. Lissafinsa shi ne in ta sa hannu, sauran ba za su ji kunyar bin sawunta ba.

An buɗe zaman ranar 13 ga Janairu, 1949 a wani otal da ke tsibirin Rodes na ƙasar Girka. Walter Eytan ne ya jagoranci tawagar Isra'ila, tare da hafsan soja Yigael Yadin. Kanar Muhammad Ibrahim Saifuddin ya jagoranci ta Masar, kuma a cikinta akwai Mahmud Riyad, wanda daga baya ya zama ministan harkokin waje. Da farko Misirawa ba sa ko gaisawa da abokan gabarsu. Bunche bai matsa musu ba. Yakan gana da wannan tawaga a ɗakinsa, ya sallame ta, ya kira waccan, ya rubuta daftarin da ya tattara abin da ya ji, ya mayar musu su gyara. Sai batu ya nuna sannan yake haɗa su a tebur ɗaya a ƙarƙashin shugabancinsa, ta yadda kowa zai iya gaya wa mutanensa cewa da Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi magana, ba da abokin gaba ba. Yakan kwana yana rubutu, taba ba ta barin hannunsa, kuma yakan fara da ƙananan batutuwa domin mutane su saba da cewa sun yarda.

Manyan ƙulle-ƙullen guda uku ne. Akwai rundunar Masar da aka yi wa ƙawanya a Faluja, wadda a cikin hafsoshinta akwai wani matashi mai suna Jamal Abdul Nasir. Akwai garin Bi'ir Shiba, wanda Isra'ila ta ƙwace a watan Oktoba, Masar kuma take neman a janye daga gare shi. Sai mahadar hanyoyi ta Al-Auja a kan iyakar Sina'i. A ƙarshe aka bar sojojin Faluja suka fita da makamansu da mutuncinsu, Bi'ir Shiba ta tsaya a hannun Isra'ila, Al-Auja kuma ta zama yankin da babu sojan kowa, aka mayar da ita mazaunin hukumar haɗin gwiwa da za ta riƙa sauraron ƙorafin keta yarjejeniya. Mahalarta sun ba da labarin yadda, da magana ta cije, ya nuna musu wasu faranta na ado da ya sa aka yi domin tunawa da ranar sa hannu, ya yi musu barazana cikin raha cewa in suka watse ba tare da yarjejeniya ba, a kansu zai farfasa su. An sa hannu ranar 24 ga Fabrairu.

Lissafinsa ya yi daidai. Labanon ta sa hannu ranar 23 ga Maris, Jodan ranar 3 ga Afrilu, Siriya kuma ranar 20 ga Yuli. Sai dai ta Jodan ba a Rodes aka dafa ta ba. Ainihin cinikin an yi shi ne a asirce a fadar Sarki Abdullahi da ke Shuna, inda aka miƙa wa Isra'ila yankin Wadi Ara da ƙauyukan Larabawan da ke cikinsa. Iraƙi ta janye sojojinta ba tare da ta sa hannu a kan komai ba.

A nan ne ya kamata a auna aikin da ma'auni na gaskiya. Yarjejeniyoyin sun dakatar da yaƙi, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma sun bar Isra'ila da kusan kashi 78 cikin ɗari na ƙasar, alhali ƙudurin rabo ya ba ta kimanin kashi 55. Zirin Gaza ya koma hannun Masar, Gaɓar Yamma ta koma hannun Jodan, Birnin Ƙudus ya rabu biyu. Falasɗinawa, waɗanda kimanin 700,000 daga cikinsu suka rasa muhallansu, ba su da kujera a teburin: an yi musu aski ba sa nan. Wani ɓangare na wannan ba laifin Bunche ba ne, domin aikin da aka ba shi na soja ne, batun 'yan gudun hijira da iyakoki kuwa an miƙa shi ga wata hukumar sasantawa, wadda taronta na Lozan a wannan shekarar ya watse ba tare da sakamako ba. Amma dabarar da ta ba shi nasara, wato rubuta kalmomin da kowane ɓangare zai fassara yadda ya ga dama, ita ce kuma ta ɗage rikicin zuwa gaba. An rubuta ƙarara cewa layin ba iyakar siyasa ba ce. Larabawa suka ɗauki wannan a matsayin shaidar cewa ba su sallama komai ba, Isra'ila kuma ta ɗauki layin a matsayin iyakarta a aikace. Shi kansa ya zaci sulhu na dindindin zai biyo baya ba da daɗewa ba. Masar ba ta ƙulla shi ba sai 1979, Jodan kuma sai 1994.

Bayan Rodes

A 1950 aka ba shi lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya, shi ne baƙar fata na farko da ya same ta. Da farko ya so ya ƙi karɓa, a ganinsa ma'aikacin Majalisar aikinsa ya yi, sai da Babban Sakatare Trygve Lie ya sa baki. Ya kuma ƙi tayin Shugaba Truman na babban muƙami a ma'aikatar harkokin waje, domin ba ya son 'ya'yansa su tashi a Washington ta zamanin wariyar launin fata. Sunan da ya yi bai hana a gurfanar da shi a 1954 gaban hukumar da ke binciken masu alaƙa da kwaminisanci ba, wadda ta wanke shi.

Lokacin rikicin Mashigin Suwez a 1956, shi ne ya tsaya a kan haɗa rundunar kiyaye zaman lafiya ta farko mai ɗauke da makamai, tare da Babban Sakatare Dag Hammarskjöld, kuma daga baya ya ɗauki wannan aiki da daraja fiye da na Rodes. A 1960 aka tura shi Kwango, inda sojojin Gana da na Nijeriya suka yi aiki a ƙarƙashin tutar Majalisar. A can bai ji da daɗi ba: shi da Firaminista Patrice Lumumba sun yi hannun riga a kan ko rundunar za ta murƙushe ɓallewar Katanga da ƙarfi, kuma har yau wasu masanan Afirka suna riƙe da shi a kan wannan. A gida ya halarci gangamin Washington na 1963, ya kuma yi tattakin Selma zuwa Montgomery a 1965 tare da Martin Luther King, duk da rashin lafiya.

A watan Mayun 1967 Jamal Abdul Nasir, hafsan nan na Faluja wanda a lokacin shi ne shugaban Masar, ya nemi a kwashe rundunar Majalisar daga Sina'i da Gaza. Bunche da Babban Sakatare U Thant suka ga babu hujjar doka ta ci gaba da zama a ƙasar da ta janye izininta, balle kuma Isra'ila tun farko ba ta yarda a girke rundunar a nata ɓangaren ba. An yi musu ca a kan gaggawar janyewar. A watan Yuni yaƙi ya ɓarke, cikin kwana shida Isra'ila ta tsallake layukan 1949, ta mamaye Sina'i da Gaza da Gaɓar Yamma da Gabashin Ƙudus da Tuddan Golan.

A lokacin ciwon sukari ya riga ya ci ƙarfinsa, ganinsa ya yi rauni ƙwarai, ga kuma baƙin cikin rasuwar 'yarsa Jane a 1966. Ya ci gaba da zuwa ofis har zuwa 1971, lokacin da jiki ya tilasta masa ajiye aiki. Ya rasu a New York ranar 9 ga Disamba, 1971, yana da shekara 67, aka binne shi a maƙabartar Woodlawn da ke unguwar Bronx.