Abdullahi ɗan Fodiyo

Abdullahi ɗan Fodiyo (an haife shi a shekarar 1766, ya rasu a shekarar 1829), wanda aka fi sani da Malam Abdullahi na Gwandu, malami ne, mawaƙi da harshen Larabci, kuma kwamandan yaƙi. Ƙane ne ga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kuma wazirinsa, sannan shi ne sarkin Gwandu na farko. An san shi da gudun duniya da ƙyamar almubazzaranci, kuma ya wallafa littafi na musamman kan hukuncin filayen noma da na kiwo.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a zuriyar malamai Toronkawa, Shehu ya girme shi da kimanin shekara 12. Ya karanta Alƙur'ani a wurin mahaifinsu, yana ɗan shekara 13 aka miƙa shi hannun Shehu. Ya yi karatu a wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru da wasu malaman, waɗanda ya jera sunayensu a littafinsa Ida'un Nusukhi. Ya bi Shehu yawon wa'azi a ƙasashen Zamfara da Kabi. Yana cikin taron Idi na Magami, inda Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya miƙa wa Shehu kyautar dukiya mai yawa, Shehu ya ƙi karɓa.

Jihadi da yunwa

Bayan hijira zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804, Abdullahi ne ya fara yi wa Shehu mubaya'a. Shi ya jagoranci rundunar da ta ci Gobirawa a Tafkin Kwatto a watan Yunin shekarar, kuma yana kan gaba a cin Birnin Kabi a 1805.

Jama'ar Shehu ta sha yunwa a waɗannan shekaru. Sun baro gonakinsu da rumbunansu, ga yaƙi ya hana noma, shi ya sa suka yi ta ƙaura daga wuri zuwa wuri suna neman hatsi da makiyaya. A Zamfara neman abinci da ƙarfi ya ɓata tsakaninsu da mutanen da suka karɓe su. Gab da yaƙin Alwasa kuma, mayaƙa suka washe garin Kwalde, alhali babu gaba tsakaninsu da mutanensa, kuma shugabanni suka kasa hana su. Rundunar ta sha kashi a Alwasa, Abdullahi ya ɗauki wannan a matsayin sakamakon kwaɗayi da rashin biyayya.

Tafiya Kano

Wajen shekarar 1807 ya bar rundunar da ta nufi Alƙalawa, ya kama hanyar gabas da niyyar zuwa Makka. A littafinsa Tazyinul Waraƙat ya bayyana dalili. Yawancin abokansa na ƙwarai sun yi shahada, waɗanda suka rage kuma hankalinsu ya koma ga mulki, tufafin alfarma, dawakan ado da cin ganima ba bisa ƙa'ida ba. Mutanen Kano suka tsayar da shi, suka roƙe shi ya koya musu tsarin shari'a. Ya rubuta musu Diya'ul Hukkam, ya karantar da tafsiri. A sanadinsa aka mayar da gangunan tambura komin da ake zuba wa dawaki abinci. Daga nan ya fasa tafiyar, ya koma wurin ɗan'uwansa.

Zamansa a Boɗinga

Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, Shehu ya tashi daga Gwandu ya koma Sifawa a wajen 1810, Abdullahi kuma ya zauna kusa da shi a Boɗinga. Duka garuruwan biyu suna cikin ƙaramar hukumar Boɗinga ta jihar Sakkwato a yau, a gefen hanyar da ta fito daga Sakkwato ta ratsa Shagari zuwa Tambuwal. A 1812 aka raba tafiyar da mulkin daula, yamma ga Abdullahi, gabas ga Muhammadu Bello. Shekarun Boɗinga na cikin mafi albarka a rubuce-rubucensa. A wannan zamani ya kammala Tazyinul Waraƙat a 1813, da babban tafsirinsa Diya'ut Ta'awil, wanda aka buga a Alƙahira a 1961.

Littafinsa kan filayen noma

Da yaƙi ya lafa, matsalar ƙasa ta taso: wa ya mallaki gonakin da aka gudu aka bari, ina za a zaunar da makiyaya, kuma ina iyakar ikon sarki wajen ba da fili? Abdullahi ya wallafa Ta'alimur Radi, wanda sunansa ya nuna yana bayani ne kan hanyoyin da mutum ke keɓanta da matacciyar ƙasa, wato wadda ba mai ita kuma ba a amfani da ita.

Littafin ya ginu ne kan fiƙihun Malikiyya. A wannan mazhaba, mutum yana samun fili ne ta hanyar raya shi, kamar ya samar masa da ruwa, ya yi gini, ya dasa itatuwa, ya share daji ko ya yi noma. Kewaye fili da shinge kawai ba rayawa ba ne, haka ma kora dabbobi su yi kiwo a cikinsa. Idan filin yana kusa da gari sai da izinin shugaba, domin kada a ƙuntata wa jama'a. Kowane gari yana da huruminsa, inda mutane ke kiwo da yin itace, kuma ba a mallaka wa mutum ɗaya shi. Rijiya ma tana da nata hurumin, ba a kuma hana mai buƙata rarar ruwan rijiyar dabbobi. Shugaba na iya keɓe ɗan yanki don maslahar jama'a, kamar kiwon dabbobin zakka, amma ba don aljihunsa ba.

Waɗannan hukunce-hukunce sun dace da ƙasar Sakkwato, inda manomin gero da dawa yake buƙatar takin shanun Bafulatani, shi kuma makiyayi yake buƙatar kara da harawa bayan girbi, da burtali da mashaya. Masu nazarin tsarin mallakar ƙasa a arewacin Najeriya suna yawan komawa ga wannan littafi.

Ƙarshen rayuwa

Shehu ya rasu a Sakkwato a watan Afrilun 1817. Abdullahi ya taso daga Boɗinga, ya tarar an riga an yi wa Bello mubaya'a, sai ya juya, daga baya ya tare a Gwandu. Sun shirya bayan 'yan shekaru a Kalambaina, lokacin da Bello ya kawo masa gudunmawa kan masu tawaye, Abdullahi ya yi masa mubaya'a. Daga nan ya bar yawancin sha'anin mulki a hannun 'ya'yansa da ɗan ɗan'uwansa Buhari ɗan Shehu, ya duƙufa ga karantarwa da wallafa. Ya rasu a Gwandu a 1829, a can kabarinsa yake. Ɗansa Muhammadu ne ya gaje shi, sannan Halilu.